Baƙar Ƙasa Daga Ƙarƙashin Teku

Tudun Nommen, 27 ga Agusta, 1983

Keike ƙanwata,

Ina gaishe ki, da fatan teku ba ta wahalar da ke. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar hagu, wadda yanzu take riga rediyo sanin iska za ta juya. Tumaki lafiya. Na shigar da ciyawa kafin ruwan sama, karo na farko ba matata Ehlen a kan amalanke tana jerawa. Sai in cilla, in hau in jera, in sauko in sake cillawa. Aikin da muke gamawa kafin rana ta faɗi ya kusa cinye mini mako.

Ofishinku na Hannover ya ce in rubuta ta hannun wakilin jirginku a tashar ruwa ta Esbjerg, wai kuna tsayawa can jefi-jefi. Ban san yaushe wannan za ta same ki ba. Tun ranar da muka binne Ehlen kika bi jirgin safe ban ji daga gare ki ba, ni ma ban rubuta ba, saboda haka ba mai bin wani.

Jiya Tade mai jirgin wasiƙu ya kawo su. Bai miƙo ta taga ba kamar yadda ya saba. Ya shigo, ya zauna a kujerar Ehlen, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da na ga haka na san ba shayi ya kawo shi ba.

Ya ce, "Bandik, ka san abin da zan faɗa."

Na ce, "Faɗa mana, tunda ka ƙetaro."

"Mutum ɗaya ba ya yin hunturu a tudu. Ba ni na kafa dokar ba, kakanka ma haka ya tarar."

"Ni da tumaki ai mun fi ɗaya."

"Tumakin ne za su riƙe maka fitila? Ranar da ruwa ya rufe tsibiri, wa zai koro su sama kan tudu, wa zai jera buhunan yashi a ƙofa? Kai, da wannan ƙafar? In ka zame a tsakar gida sai ruwa ya janye mu zo mu tarar da kai. Kuma ni zan ɗauke ka, kai kuwa ba ka da daɗin ɗauka."

Na yi dariya don kada in jefe shi da buta. Amma ba shi kaɗai ba ne, bakin mutanen sauran tuddan tsibirin nan yake ɗauke da shi. Jirgin dabbobi zai yi zuwansa na ƙarshe a ƙarshen Oktoba. Kafin nan suna son amsa: ko dai a samu mutum na biyu a gidan nan, ko in loda tumaki in bar tsibiri in bi su ƙetare zuwa babban yanki. Kin san abin da ke samun gidan da ya yi hunturu ba wuta a murhu. Kin tuna gidan su Ocke. Sun ce shekara ɗaya kawai za su yi a garin Husum, can ƙetare. Yanzu agwagin ruwa ke ƙwai a inda gadonsu yake.

Na gaya miki ne don gidan ubanki ne ke ma. Ba na neman kowa ya zo ya zauna da ni don tausayi. Wanda ya saba da famfo da titi mai kwalta ba zai iya kwana yana sauraron iska ba, kuma ba zan iya kallon fuskar wanda ke lissafin ranar tafiyarsa ba.

Ki sa riga mai kauri.

Yayanki,
Bandik

A cikin jirgi, Tekun Arewa, 14 ga Satumba

Yaya Bandik,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta same ni a Esbjerg da muka shiga shan mai. Ina lafiya, sai tsagewar hannu, wadda ba ta warkewa muddin mutum yana taɓa ruwan gishiri. Gwiwar nan ka daina durƙusa mata a kan dutse. Na san ba za ka ji ba.

Na karanta maganar Tade. Na kuma karanta abin da ka ce game da masu famfo da kwalta. Shawara taka ce, kai ke zaune a gidan.

Bari in ba ka labarin nan, tunda ba ka taɓa tambaya ba. Aikin bai canza ba. Jirgi ya tsaya a kan wurin da aka zaɓa, Hinnerk mai injin igiya ya saukar da bututun ƙarfe har ƙasan teku, injin da ke kansa ya yi ta girgiza shi har ya nutse cikin yashi. A jawo shi, a zaro bututun roba da ke ciki, cike da abin da ya haɗiyo. Ni nake yankawa gunduwa-gunduwa, in toshe bakunan, in zana kibiya mai nuna sama, don in gunduwa ɗaya ta juye an haɗa jiya da shekaranjiya ke nan, ba mai iya warwarewa. Sannan in tsaga kowacce a tsaye, in rubuta abin da na gani. Rabi ya tafi ɗakin sanyi, rabi masu digiri su yi ta tsakura.

Ni kaɗai ce mace, don haka ni kaɗai ke da ɗaki nawa. Suna yi mini hassada. Da sun san ɗakin nan da sun bari. Kowa a cikinsu yana da wanda zai yi wa tsaki saboda minshari. Ni in na rufe ƙofa, sai ƙarar inji. Lokacin aikina bai dace da na kowa a teburi ba, yawanci abincina a rufe nake tarar da shi, dankali da kifi, da sunana a 'yar takarda.

Shekaranjiya wani abu ya faru. Muna can nesa yamma da Jutland, inda ba ka ganin komai ko ta ina ka juya. Yashi muke ta samu, yashi da ɓawon kodi, har na fara rubutawa ba na dubawa. Sai bututu ɗaya ya fito da nauyi. Da na tsaga gunduwar ƙarshe, a ƙarƙashin yashin sai ga baƙar ƙasa, irin ta ruɓaɓɓun ciyayi, da saiwoyi a tsaye yadda suka tsiro, da guntun reshe da ɓawonsa. Kafin in gani hancina ya riga ya ji. Warin ramin da Baba ya haƙa a bayan garke ne, shekarar da ya gyara tafkin dabbobi. Na tsaya da wuƙa a hannu ban san na tsaya ba.

Hinnerk ya leƙo ya ce, "Malama, lafiya? Ko gawa kika tono?"

Na ce, "Fadama ce."

"A nan? To ki rubuta mini fili ɗaya, in yi ritaya in shuka kabeji."

Shugaban tafiyar, Dokta Rehder, ya sauko da gudu ba takalmi. Ya ce baƙar ƙasar za ta kai shekara dubu tara, amma sai an auna. Ya ce ƙasa ce busasshiya a da, da koguna da barewa, wataƙila da mutane, ruwa ya yi ta hawa a hankali har ya rufe ta. Ya yi murna sosai, ya ba kowa kwalbar giya. Ni na kai tawa ɗaki.

Abin da ya maƙale a bakin ƙarfen bututu ba ya shiga ajiya, wanke shi ake yi ya koma teku. Na ɗebi dunƙule kafin a kunna ruwa. Ga shi nan na naɗe maka a leda cikin gwangwanin shayi. Ka buɗe ka shinshina. Ka yi tunani, Yaya: duk shimfiɗar ruwan nan da muke yawo a kai, ƙasar wani ce a da.

Wannan ce tafiyata ta ƙarshe. Daga Janairu za su mayar da ni ɗakin ajiya a ƙarƙashin ginin Hannover, in riƙa jera bututu a kan kanta. Sun ce girmamawa ce.

Har yanzu buhunan ulu ne cike da ɗakina na sama?

Ƙanwarka,
Keike

Tudun Nommen, 2 ga Oktoba

Keike,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Tunkiya ɗaya ta faɗa rami ta karye, na yanka ta, na raba wa tuddai, don ni kaɗai ba zan iya cinye ta ba.

Gwangwaninki ya iso. Tade ya yi ta girgiza shi a kunne.

Ya ce, "Shayin Denmark ne? Ka ga amfanin ƙanwa mai yawon duniya. Ɗora ruwa."

Na buɗe a gabansa. Ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa.

"Laka ta aiko maka? Bandik, laka? Ta ƙare mana ne ban sani ba?"

Na karanta masa wurin da kika ce ƙasar wani ce a da. Dariyar ta tsaya. Ya mayar da hularsa, ya ce, "To. Ita ma ta faɗa maka ka tashi, da irin bakinta."

Na gane saƙonki. Ba sai kin tono shi daga tsakiyar teku ba. In ruwa ya janye sosai, daga bakin ƙofar nan ina hango kunyoyin gonar mutanen da teku ta cinye, da bakin rijiyoyinsu. Tare muka tsinci fasassun tukwanensu muna yara, ke kike cika aljihu Inna tana faɗa. Ban taɓa cewa tudun nan zai dawwama ba. Cewa na yi ina cikinsa.

Amma kin fi ni sani, an biya ki shekaru kina karanta laka. Tade ya faɗa, likita ya faɗa, Marret matar Tade ta faɗa tana kuka, duk ban ji ba. Na ce saura mutum ɗaya da ke da haƙƙi a gidan nan, bari in ji ta bakinta. Kika ce shawara tawa ce, sannan kika aiko mini da abin da ke zama ƙarshen irin shawarata a cikin gwangwani. Da kin rubuta "ka tashi" da ya fi sauƙi, kuma da kuɗin aikawa bai kai haka ba.

Na shanya dunƙulen a kan murhu. Da ya bushe na jefa shi ciki. Ya ci wuta, ƙanwata. Shekara dubu tara a ƙarƙashin ruwa, ya ci, da hayaƙi mai warin gishiri. Bai isa tafasa buta ba.

Na gaya wa Tade ya sa sunana a jirgin dabbobi. Wani mutumin Eiderstedt, can babban yanki, zai karɓi tumakin. Ɗan'uwan Marret yana da ɗaki a Husum a saman shagon takalma.

Ulun da kike tambaya na kwashe, na share ɗakin. In akwai abin da kike so a ciki ki faɗa kafin ƙarshen wata. Babu komai sai gado da akwatin littattafanki.

Bandik

A cikin jirgi, 19 ga Oktoba

Yaya Bandik,

Ina gaishe ka, ina fatan ƙafa da sauƙi. Ni lafiya, sai rashin barci, wanda kowa a nan yake fama da shi. Ban samu komai daga gare ka ba tun ta Agusta, amma ba laifinka ba ne. Ba mu shiga Esbjerg ba a farkon wata. Bututu ya lanƙwashe a kan tsakuwa, gyaransa ya ci lokaci, Dokta Rehder ya ce ba za mu ɓata wani a tashar ruwa ba. In ka rubuta, tana can a aljihun teburin wakili. Wannan ma ban san ranar da za ta bar jirgi ba.

Tun farkon mako ba mu saukar da komai ba. Iska daga arewa maso yamma, jirgi ya juya mata hanci muna ta hawa da sauka a wuri ɗaya. Na ɗaure bututun da ke ɗakin sanyi da igiya, nakan shiga in duba su. Can ne wurin da ya fi shiru a jirgin. Jiya na zauna a kan akwati a tsakaninsu har yatsuna suka daina ji. Ba wanda ya neme ni, ba dalilin da zai sa a neme ni.

A teburi akwai rediyo. In mai karanta yanayi ya zo kan gaɓarmu nakan ajiye cokali. Ban san ana lura ba, sai Hinnerk ya ce, "Malama, wa kike da shi a can? Kullum in an zo nan sai miyarki ta huce. Saurayi ne?"

Na ce, "Yayana."

"Kash. Na yi asara, na yi caca da kwalba biyu cewa saurayi ne. To hau sama ki kira shi mana ta wayar jirgi."

"In yi magana duk Tekun Arewa tana ji?"

"Ai sadaka ce. Masu kamun kifi sun gaji da sauraron matan junansu."

Ban kira ba. Ka san wayar jirgi, duk mai rediyo yana iya kama ta, kuma kyaftin yana tsaye a gefe yana duba agogo. Kai ma na san abin da za ka ce: lafiya, tumaki lafiya, kuɗi na tafiya.

Da iskar nan na lissafa ruwa ya rufe tsibiri ranar Talata. Ban san ko ka koro tumaki da wuri ba. Ban san wa ya riƙe maka fitila ba.

Akwai ƙa'ida a aikina, ita aka fara koya mini. Ka rubuta abin da ka gani kawai: launi, laushi, kauri, wari. Kada ka rubuta abin da kake zato, kada ka rubuta abin da kake so ya kasance. Wannan aikin wasu ne. Na daɗe ina bin ta har ta bi ni cikin wasiƙa. Na sake tuna abin da na rubuta maka a Satumba, na ga na ba ka labarin laka shafi biyu, abin da ya sa na ɗauki biro kuwa ban faɗa ba.

Ga shi. Ina so in dawo gida. Ba ziyara ba. Ba na son ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Hannover, ba na son gidana na can, inda in na dawo daga teku nake tarar da komai daidai inda na bar shi, har kofin da ban wanke ba. Ka ce ba ka son mai zuwa don tausayi. Na karanta layin nan har na haddace, na ɗauka ƙofa ka rufe mini, shi ya sa na tsaya a tambayar ulu. To ba tausayinka nake ji ba, ba ka taɓa ba ni dama ba. Ni ce ba ni da inda ake jirana.

Ban manta korar tumaki ba. Buhun yashi kuwa bai kai gunduwar bututu nauyi ba. Ka gaya wa Tade an samu mutum na biyu, in kana so. In ba ka so, ka faɗa da baƙaƙen da zan gane.

Keike

Tudun Nommen, 6 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ka. Dubi saman takardar nan ka ga daga inda nake rubutu. Ina lafiya, sai mura.

Mun shiga Esbjerg ranar ƙarshe ta Oktoba. Na jefa wasiƙata a akwati, sannan na je wurin wakili ya ba ni taka. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofarsa. Na buga waya gida, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na koma jirgi na sami Dokta Rehder na ce zan sauka.

Ya ce, "Saura zango ɗaya, Keike. Wa zai tsaga mini bututu?"

Na ce ɗalibansa sun ga yadda ake yi.

"Sun gani! Wancan dogon jiya ya zana kibiya tana kallon ƙasa."

Ya yi gaskiya, kuma na san wasu gunduwoyin za su lalace saboda ni. Na bar masa wuƙaƙena da zarto. Bai yi mini sallama ba. Hinnerk ne ya ɗaukar mini jaka har bakin titi.

A gaɓa na tarar da Tade yana loda buhun wasiƙu. Ya dube ni kamar ya ga fatalwa.

Ya ce, "Ke kuma daga ina? Ai kin makara, 'yar Nommen. Ranar Asabar muka kwashe shi, shi da tumakinsa. Shi ya fi su gardama."

Na ce ya kai ni duk da haka. Muna tsakiyar hanya ya laluba buhu ya zaro ambulan ya miƙo mini. "Wannan ta Bandik ce. Tunda ke kika rubuta, rage mini aiki." Tare muka ƙetaro da ita a jirgi ɗaya. Ga ta nan na haɗa da wannan, ban buɗe ba, ban canza komai ba. Ka fara karanta ta.

Game da gwangwani: ba saƙo ba ne. Na shinshina abu a tsakiyar teku ya yi mini warin bayan garkenmu, na rasa wanda zan miƙa wa a duk jirgin ya gane, sai kai. Iyakarta ke nan. Da ina so ka tashi da na faɗa, ka san bakina.

Gidan ya riga ya fara ɗaukar danshi, bangon arewa yana gumi. Na kunna murhu, ya cika ɗaki da hayaƙi kafin in tuna marfin bututun hayaƙi da ke sama. Ka tafi da agogo da kujerar Ehlen, ka bar gwangwanayen wake kamar na rundunar soja. Garke a share, ƙofarsa a buɗe. Ban san shirun tudu ba tumaki haka yake ba. A jirgi aƙalla akwai inji.

Jiya Tade ya dawo, ya shigo, ya nemi kujerar da zai zauna bai samu ba, ya cire hula a tsaye.

Na ce, "Kada ka wahalar da kanka, na san karatun."

Ya ce, "Ku 'ya'yan gidan nan ku za ku kashe ni. Na fitar da ɗaya ta ƙofa, ɗaya ta shigo ta taga. Ke ko takalmin ruwa ba ki da shi."

Ya ba ni zuwa babbar cikar ruwa ta tsakiyar wata. In ta zo ina nan ni kaɗai, ya ce zai sa ni a jirgi ko da a cikin buhun wasiƙu ne, kuma na san zai yi. Na riga na rubuta wa Hannover na ajiye aiki, saboda haka ban san inda zai kai ni ba.

Ba zan ce ka dawo don tausayi ba.

Keike

Husum, 10 ga Nuwamba

Keike ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya mura? Ki sha shayi da zafinsa, akwai kwalbar barasa a bayan garin burodi, ki ɗiga kaɗan. Gwiwata ta yi sauƙi, a nan ba inda nake durƙusawa.

Na karanta duka biyun, ta farko kafin ta biyu, yadda kika ce. Da wannan ta zo a madadin gwangwani da tumakina suna garke. Ba zan ƙara cewa komai a kai ba, ni ma da na iya tambaya da baki na tsaya ina kewaye-kewaye.

Tumaki sun tafi. Na je wurin mutumin da ya karɓe su, ya riga ya haɗa su da nasa ya shafa musu jan fenti. Ya ce in ina so in zo kasuwa bayan sanyi kamar kowa.

Akwai abin da ya kamata ki sani, tunda yanzu faɗa muke yi a fili. Ranar Litinin an yi iska a nan. Na farka na ji ta a taga, na fara laluben takalmi, sai na tuna akwai ganuwar tare ruwa tsakanina da teku, kuma ba abin da zan koro. Na koma na kwanta. Keike, na yi barci har mai shago ya buɗe ƙofarsa. Rabona da irin wannan barci tun ina yaro. Da safe na sauka na sayi burodi mai zafi, na zauna a benci ina kallon mutanen da ban sani ba. Ban ji kewar tudu ba. Na jira in ji, ban ji ba. Ehlen nake kewa, ita kuwa ba ta can.

Amma ba zan bari Tade ya cusa 'yar ubana a buhu ba. Ki gaya masa ya tsaya mini ranar Juma'a, kuma ya kawo katako don ɗaure kujerar Ehlen a jirgi, ba zan riƙe ta a cinya ba. Kafin nan ki cika buhunan yashi, suna rataye a garke. Kada ki sauko da littattafanki ƙasa. Zan taho miki da takalmin ruwa, in ƙafarki ba ta canza ba.

Zan zauna har ciyawa ta fito, in nuna miki abin da kika manta. Daga nan ki nemo mutum na biyu da kanki. Makullin ɗakin nan yana aljihuna, kuma ban yi niyyar mayar da shi ba.

Yayanki,
Bandik